Lauya da Kwangilar Gwamnati: Thomas Bingham da Shari'un Simintin Nijeriya, 1975 zuwa 1983

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Nijeriya sun saba kawo labarin cunkoson jiragen siminti da ya auku a tashar jiragen ruwa ta Ikko, watau Legas, cikin shekarar 1975, a matsayin misalin almubazzarancin da ya biyo bayan samun kuɗin mai. Galibi a nan suke dasa aya: an yi odar siminti fiye da kima, jirage sun yi cirko-cirko a bakin teku, gwamnati ta faɗi, wadda ta gaje ta kuma ta kafa kwamitin bincike. Amma labarin yana da kashi na biyu wanda ba a cika ambatonsa ba, saboda a ƙasashen waje ya faru, cikin kotunan Landan da Frankfurt da New York da Washington, ya kuma ɗauki shekara takwas ana tafka shi. A wannan kashi lauyoyi ne suka riƙe ragamar al'amari.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi diddigin kashin nan na biyu ta hanyar duban aikin lauya guda ɗaya, Thomas Bingham, mutumin Ingila wanda ya tsaya wa Babban Bankin Nijeriya a shari'ar da kamfanin Trendtex ya kai shi. Abin da muke son nunawa shi ne, shari'ar kwangilar gwamnati tun ranar da aka sa hannu a takarda ake cin ta ko a faɗi, kuma gwanin lauyan da ake ɗaukowa bayan rigima ta ɓarke iyakar abin da takardar ta bar masa zai yi aiki da shi. Za mu fara da asalin rikicin, sa'an nan mu dubi ƙa'idar shari'ar da aka yi jayayya a kanta, da tarihin lauyan, da yadda ta kaya a Ingila da Amurka. Daga ƙarshe za mu gwada wannan da wata shari'a da aka yanke a 2023.

2.0 Asalin Rikicin

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da yunwar siminti. Na farko, kafin yaƙin basasa sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka gama yaƙin a 1970 sun kai wajen 250,000, kuma mafi yawansu ba su da barikin zama. Na biyu, bayan yaƙin Gabas ta Tsakiya na watan Oktoba 1973 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta tsara shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, wanda aka ƙiyasta zai ci naira biliyan 30. Hanyoyi da gadoji da makarantu da barikoki duk siminti suke bukata, masana'antun cikin gida kuwa, irin su na Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato, ba za su iya ƙosar da wannan bukata ba.

Bisa ga lissafin da kotun ɗaukaka ƙara ta New York ta kawo daga baya, Nijeriya ta ƙulla kwangiloli 109 da 'yan kasuwa 68, na siminti fiye da tan miliyan 16, a kan kuɗi kusan dala biliyan ɗaya. Ma'aikatar Tsaro ce ta ba da kaso mafi tsoka. Alhali kuwa abin da tashoshin ƙasar suka saba saukewa na siminti a shekara bai wuce wajen tan miliyan 2 ba. Kafin watan Yuli 1975 ya ƙare, jirage sama da 400 ne suke jiran layi a bakin Apapa, 260 daga cikinsu siminti suka ɗauko. Sauran kayan masarufi suka rasa hanyar shigowa, siminti kuma ya fara daskarewa a cikin jirage saboda laimar damina.

Akwai sharuɗɗa biyu a cikin waɗannan kwangiloli da ya kamata mu fahimta. Na farko shi ne takardar lamunin banki. Wannan takarda alkawari ne da banki yake yi wa mai sayar da kaya cewa da zarar ya gabatar da takardun lodin jirgi za a biya shi, ba tare da an jira kaya sun sauka ba. Irin wadda Babban Bankin Nijeriya ya bayar ita ce wadda ba a janyewa, kuma ta hannun bankunan waje ake biya, kamar Midland a Landan da Morgan Guaranty a New York. Na biyu shi ne kuɗin jira, watau abin da mai kaya yake biya a kan kowace rana da jirgi ya yi yana zaune ba a sauke shi ba. An yanka shi tsakanin dala 3,500 da 4,100 a rana ga kowane jirgi. Idan muka yi lissafin ƙiyasi da ƙaramin farashin a kan jirage 260, za mu ga abin ya haura dala 900,000 a kowace wayewar gari. Wasu masu wayo suka gane cewa jira ya fi sayar da siminti riba, suka riƙa turo tsofaffin jirage don su zo su bi layi kawai.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau. Cikin watan Agusta Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fitar da sanarwa cewa kada jirgi ya taso sai ya ba da labari wata biyu kafin zuwansa, aka umarci 'yan kwangila su dakatar da lodi, daga baya kuma Babban Banki ya aika wa bankunan waje cewa kada su biya sai da izninsa. Aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Ta fuskar mulki wannan mataki ne da ba makawa sai an ɗauke shi. Ta fuskar dokar ciniki kuwa, an taɓa alkawarin da aka rubuta cewa ba a taɓa shi. Da yawa daga 'yan kwangilar sun yarda da sulhu, sauran suka nufi kotu.

3.0 Kariyar Mulki

Makamin da Nijeriya ta fi dogara da shi a waɗannan kotuna shi ne ƙa'idar da za mu kira kariyar mulki. Ma'anarta ita ce kotun wata ƙasa ba ta da ikon gurfanar da gwamnatin wata ƙasa mai mulkin kanta, domin sarki ba ya hukunta sarki ɗan'uwansa. Kotun Ƙoli ta Amurka ta kafa ta a 1812 a shari'ar wani jirgin ruwa mai suna Exchange, kotunan Ingila kuma suka ƙarfafa ta a 1880 a shari'ar jirgin Parlement Belge. A wancan zamani ƙa'idar ba ta cutar da kowa ƙwarai, saboda gwamnatoci ba su cika shiga kasuwa ba.

Da ƙarni na ashirin ya yi nisa sai gwamnatoci suka zama manyan 'yan kasuwa, suna da jirage da bankuna da kamfanonin saye da sayarwa. Kotunan Beljiyam da Italiya ne suka fara rarrabewa tsakanin aikin mulki, wanda yake da kariya, da aikin ciniki, wanda ba shi da ita. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta bi wannan ra'ayi a 1952, ƙasashen Turai kuma suka rattaba hannu a wata yarjejeniya mai kama da haka a birnin Basel a 1972. Ingila ce ta rage a kan tsohuwar hanya, ko da yake a ƙarshen 1975 ta fara sassautawa game da jiragen kasuwanci mallakar gwamnati. Saboda haka lokacin da rigimar siminti ta iso Landan, dokar tana kan gaɓar sauyawa, kowane ɓangare kuma yana da hujjar da zai riƙe.

4.0 Lauyan da aka Ɗauko

An haifi Thomas Henry Bingham a Landan a 1933. Bayan ya yi aikin soja na wajibi, ya karanta tarihi a Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oxford, sa'an nan ya juya ga shari'a, aka rantsar da shi lauya a 1959. A Ingila aikin lauya kashi biyu ne: akwai mai zama da masu ƙara a ofis yana shirya takardu, akwai kuma mai tsayawa gaban manyan alƙalai yana jayayya. Bingham a kashi na biyu yake. Ya fara aiki a ofishin lauyoyin da Leslie Scarman yake shugabanta, ya ƙware a shari'un ciniki. Daga 1968 zuwa 1972 shi ne lauyan da Ma'aikatar Ƙwadago ta Ingila take tura wa shari'unta, abin da ya koya masa yadda ma'aikatun gwamnati suke tunani da yadda suke ajiye takardu. A 1972, yana ɗan shekara 38, aka ba shi muƙamin Lauyan Sarauniya, wanda shi ne Nijeriya ta kwaikwaya a 1975 da ta ƙirƙiro muƙamin Babban Lauyan Nijeriya.

Ya kamata mu lura da wata al'ada ta lauyoyin wannan kashi. Ƙa'idar sana'arsu ta wajabta musu karɓar duk shari'ar da aka kawo musu a fanninsu, muddin suna da lokaci kuma an biya ladan da ya dace, ko suna son mai ƙarar ko ba sa so. Don haka tsayawar Bingham ga Babban Bankin Nijeriya aikin sana'a ne, kuma Nijeriya ta sami ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. Tare da shi akwai Anthony Guest, shaihin malami a dokar ciniki. Kamfanin Trendtex shi ma bai yi sake ba, ya ɗauko Patrick Neill, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Oxford, da D. P. O'Connell, shaihin malamin dokar ƙasa da ƙasa a jami'ar.

5.0 Shari'ar Trendtex

Ma'aikatar Tsaro ta ba wani kamfanin Ingila mai suna Pan-African kwangilar kawo tan 240,000 na siminti. Babban Banki ya ba da takardar lamuni ta fiye da dala miliyan 14 ta hannun bankin Midland, aka mayar da amfaninta ga Trendtex, wani kamfanin ƙasar Suwizalan, wanda shi zai samo simintin. Trendtex ya yi lodi, aka biya shi kuɗin jiragen farko, aka hana shi na biyun ƙarshe da kuɗin jira. A watan Nuwamba 1975 ya shigar da ƙara a Landan, ya kuma sami umarnin kotu na tsare kusan dala miliyan 14 daga kuɗin Babban Banki da suke ajiye a birnin.

Bingham ya gina kariyarsa a kan ginshiƙai uku. Na ɗaya, Babban Banki wani sashe ne na gwamnatin Nijeriya, shi yake buga kuɗinta, shi yake riƙe taskarta, kuma da umarninta ya hana biya. Na biyu, an sayi simintin ne don gina barikin soja, tanadin soja kuwa aikin mulki ne tsantsa. Na uku, ko da duniya ta sauya ra'ayi, kotun Ingila tana ɗaure da hukuncin magabatanta har sai majalisar dokoki ko kotun ƙoli ta warware shi. A zagayen farko wannan ya yi aiki. A watan Maris 1976 Mai Shari'a Donaldson ya yarda cewa bankin sashen gwamnati ne, ya kori ƙarar.

Trendtex ya ɗaukaka ƙara, ranar 13 ga Janairu 1977 alƙalai uku suka yanke hukunci: Lord Denning, shugaban kotun, da Stephenson da Shaw. Dukansu suka rushe ginshiƙi na ɗaya. Da suka duba dokar 1958 wadda ta kafa bankin, sai suka ga ta yi shi ne a matsayin hukuma mai zaman kanta, mai iya kai ƙara a kuma kai ta, ba inda ta kira shi ma'aikatar gwamnati. Game da ginshiƙi na biyu, Denning ya ce abin dubawa shi ne irin ma'amalar da aka yi, watau saye da bayar da takardar lamuni, ko me za a yi da kayan daga baya. A ganinsa gwamnatin da ta shiga kasuwa sayen takalman soja ko siminti dole ta bi dokar kasuwa kamar kowa. Ya kuma kawo hukuncin wata kotun Frankfurt ta Jamus, wadda a watan Disamba 1975 ta hana wa wannan banki kariya a kan irin wannan takarda. A ginshiƙi na uku ne kawai aka sami saɓani. Denning da Shaw suka ce dokar ƙasa da ƙasa tana shiga dokar Ingila kai tsaye, in ta sauya kotu za ta bi ta. Stephenson ya ga hujjar Bingham ta fi ƙarfi a nan, amma tun da ya riga ya yarda bankin ba shi da kariya, sakamakon bai canza ba.

Idan muka duba da kyau za mu ga cewa takardu biyu ne suka kayar da Bingham, kuma duka an rubuta su tun kafin a san da shi: dokar da ta kafa bankin, da takardar lamunin da bankin ya sa wa hannu. Waɗanda suka tsara dokar 1958 sun ba bankin 'yancin kai don ya sami amincin 'yan kasuwar duniya, waɗanda suka rubuta lamunin kuma sun sa kalmar rashin janyewa don masu siminti su saki jiki. Duk amfanin da aka ci na waɗannan kalmomi a ranar ciniki, shi aka biya a ranar shari'a. Wanda ya sayi rariya, in ji Hausawa, ya san za ta zubar da ruwa.

6.0 Cinikin Ƙara

Abin da ya biyo bayan nasarar Trendtex ya nuna wata fuskar wannan sana'a. An ba Babban Banki iznin ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. Trendtex kuwa ya riga ya talauce, bankin Credit Suisse yana bin sa bashi mai yawa, shi ne ma ya tsaya masa a kan kuɗin lauyoyi. A watan Janairu 1978 Trendtex ya sallama wa wannan banki hakkinsa na ƙarar a kan dala 800,000. Cikin 'yan kwanaki aka sayar da hakkin ga wani da ba a bayyana sunansa ba a kan dala miliyan 1.1. Bayan 'yan makonni sai ga shi an sasanta da Nijeriya a kan dala miliyan 8.

Trendtex ya ga an yi masa sakiyar da ba ruwa, ya kai Credit Suisse ƙara. A 1981 Majalisar Dattawan ta bayyana cewa a dokar Ingila sayar da ƙara ga wanda ba shi da wata alaƙa da ita, don neman riba kawai, haramtaccen ciniki ne, amma ta ce kotun Suwizalan ce za ta saurari rigimar, domin haka yarjejeniyarsu ta tanada. Ta haka Nijeriya ta biya, kamfanin da ya ci shari'a ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, riba kuma ta tafi ga wanda bai taɓa loda buhu ɗaya na siminti ba. Darasin shi ne bashin da ake bin gwamnati shi kansa haja ne, yana da dillalai da masu saye.

A wannan shekara ta 1978 majalisar dokokin Ingila ta yi dokar kariyar ƙasashe, wadda ta tabbatar da cewa ba kariya a ma'amalar ciniki. Amma ta sa wani sashe da ya hana a taɓa dukiyar babban bankin wata ƙasa sai da yardarsa, don kada ƙasashe su kwashe ajiyarsu daga Landan. Abin da Bingham ya nema wa bankin a kotu bai samu ba, majalisa ta ba da wani yanki nasa bayan an gama shari'ar.

7.0 Shari'un Amurka

A Amurka ma haka aka yi. Majalisar ƙasar ta kafa dokar kariyar ƙasashen waje a watan Oktoba 1976, ta fara aiki a Janairu 1977, kuma rigimar siminti tana cikin manyan shari'un farko da aka gwada ta da su. A 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta New York, ta bakin Mai Shari'a Irving Kaufman, ta yanke hukunci a ƙarar Texas Trading da wasu kamfanoni uku. Lauyoyin Nijeriya sun sake kawo hujjar barikin soja, kotu ta ƙi ta, ta ƙara da cewa tun da an yi alkawarin biya ta hannun Morgan Guaranty a New York, ƙin biyan ya yi tasiri kai tsaye a cikin Amurka. Zaɓen wurin biya, wanda wataƙila ba wanda ya tsaya tunani a kansa a 1975, shi ya buɗe ƙofar kotun.

Ta ƙarshe ita ce ƙarar Verlinden, wani kamfanin ƙasar Holan da ya ƙulla kwangilar tan 240,000 a kan dala miliyan 14.4 a watan Afrilu 1975. Abram Chayes, shaihin malami a Harvard wanda ya taɓa zama babban lauyan Ma'aikatar Harkokin Waje a zamanin Shugaba Kennedy, shi ya tsaya wa kamfanin a Kotun Ƙoli. A watan Mayu 1983 kotun ta yanke, ba tare da saɓani ba, cewa tsarin mulkin Amurka bai hana baƙo ya kai gwamnatin wata ƙasa ƙara a kotun tarayya ba, in dai sharuɗɗan dokar sun cika. Wani abin lura a kwangilar Verlinden shi ne an rubuta cewa dokar Holan ce za ta yi hukunci, a birnin Paris za a raba gardama, a bankin waje kuma za a biya. Ba abu ɗaya daga cikin ukun da aka bar wa Nijeriya.

Shi kuwa Bingham, faɗuwa a shari'ar Trendtex ba ta rage shi da kome ba. A 1977 gwamnatin Ingila ta ba shi binciken yadda kamfanonin mai suka karya takunkumin da aka sa wa Rodeshiya, watau Zimbabwe ta yau. Ya zama alƙalin babbar kotu a 1980, ya shiga kotun ɗaukaka ƙara a 1986, ya binciki rushewar bankin BCCI a 1991 da 1992. Kujerar da Denning ya zauna a kai ya kayar da shi, Donaldson ne ya gaje ta a 1982, Bingham kuma ya gaji Donaldson a 1992. Ya zama Alƙalin Alƙalai a 1996, sa'an nan shugaban alƙalan kotun ƙoli daga 2000 zuwa 2008. Ya rasu a 2010. Lauya yakan faɗi shari'a ya ci gaba da hawa, baitulmalin da ya biya diyya ne yake ɗauke da tabon.

8.0 Bayan Shekara Talatin da Biyar

Mai karatu zai iya cewa wannan tsohon labari ne na zamanin da ƙasa ba ta da isassun masana. Shari'ar kamfanin P&ID ta nuna ba haka abin yake ba. A watan Janairu 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 da wannan kamfani, a kan zai gina masana'antar tace iskar gas a Kalaba, gwamnati kuma ta riƙa kai masa gas. Ba a gina masana'anta ba, ba a kai gas ba. Kamfanin ya kai ƙara gaban kwamitin raba gardama a Landan, a Janairu 2017 aka yanke wa Nijeriya diyyar dala biliyan 6.6 da ruwan kashi 7 cikin ɗari a shekara. Kafin 2023 kuɗin ya haura dala biliyan 11, kusan sulusin ajiyar ƙasar ta kuɗin waje.

A wannan karo lauyoyin kotu sun yi nasara. Mark Howard ne ya jagorance su, kuma ranar 23 ga Oktoba 2023 Mai Shari'a Robin Knowles ya yanke cewa da zamba aka sami hukuncin diyyar. Ya gano cewa kamfanin ya ba wata babbar jami'ar shari'a ta ma'aikatar toshiyar baki a lokacin ƙulla yarjejeniyar, ya ɓoye wannan ga kwamitin, ya kuma riƙe takardun sirri da suke tsakanin Nijeriya da lauyoyinta. Amma mu lura, zambar ce ta ceci Nijeriya. Da a ce hannun kamfanin tsarkakakke ne, da takardar nan ta 2010, duk da rauninta, ta ɗaure ƙasar tamau kamar yadda lamunin 1975 ya ɗaure ta. Kuma ɓarnar daga teburin lauyan ma'aikata ta faro, inda ya kamata a ce an tare ta.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, tun 1977 gwamnatin da ta yi ciniki ba ta da mafaka a kariyar mulki, saboda haka duk kwangilar da ma'aikata ta sa wa hannu tana iya ƙarewa a gaban alƙalin wata ƙasa. Na biyu, sharuɗɗan da ake ɗauka ƙanana, irin su dokar wace ƙasa za a bi, ina za a raba gardama, ina za a biya, nawa ne iyakar kuɗin jira ko diyya, su ne suke yanke shari'a. Na uku, a wannan fanni lauyoyi iri uku ne: mai rubuta kwangila, da mai kare ta a kotu, da mai dillancin ƙara. Tarihi ya adana sunan na biyu, kamar Bingham da Neill da Chayes, na uku yakan ɓuya, na farko kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wani ofis, mai ƙaramin albashi, wanda sau da yawa sai an gama magana ake miƙo masa takarda ya duba.

Shawararmu ga jami'o'inmu ita ce su ba koyar da tsara kwangilar gwamnati muhimmancin da suke ba koyar da jayayya a kotu, su kuma sa hukunce-hukuncen Trendtex da Texas Trading da Verlinden cikin abin da ɗaliban shari'a da na tarihi za su karanta, tun da yake da kuɗin Nijeriya aka saye su. Ga gwamnatocin tarayya da na jihohi kuma, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba za ta wadatar ba sai an ɗaga darajar lauyan ma'aikata, an ba shi ikon cewa a dakata, an kuma sa ido a kansa. Tun ran gini ake zane. Aikin da ya rage wa masu bincike shi ne su koma ga rahoton kwamitin Belgore da fayilolin Ma'aikatar Tsaro na 1975, su gano ko an nemi shawarar lauya kafin a sa hannu a kwangilolin nan 109, in kuma an nema, me ya ce.